Matsayin Jaki

Mahaifina ba ya nan yanzu. Babu mai zaunar da mu a soro ya ba mu labari, sai ceburinsa da ke jingine a bayan ƙofa. Magini ne shi. Ni kuma ban yi nisa a karatu ba, amma wannan hikayar tasa na riƙe ta.

An ce wani sarki ya sa a gina ganuwa ta kewaye birninsa. Masu aikin kashi biyu ne. Akwai 'yan gida, waɗanda in ɗayansu ya mutu, sarki ke ciyar da iyalinsa daga rumbun fada. Akwai kuma 'yan rana. Su kullum da yamma Sarkin Gini zai tsaya a kansu ya ce, "Na sallame ku," da safe ya sake ɗaukarsu kamar bai taɓa ganinsu ba. Da haka mutum zai yi furfura a bakin aiki ana kiransa baƙo.

Cikin 'yan rana akwai Nomau, mai kora jakin ɗibar ƙasa tun ganuwa ba ta kai gwiwa ba. Wata rana bayan an yi ruwa, wani sashen gini ya rufta a kansu, shi da jakin. Nomau ya cika nan take, jaki ya tsira da karaya.

Kafin matarsa Tasalla ta fita takaba, hatsinta ya ƙare, ga yara uku. Ta je ta durƙusa gaban Sarkin Gini. Ya ce, "Baiwar Allah, sai haƙuri. Mijinki ɗan rana ne, ba namu ba ne."

Da ta fito, hanya ta bi da ita ta garken sarki. Sai ga jakin nan kwance a inuwa, an yi masa ɗori, ga dusa a gabansa. Ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta nufi wurin Malam Jatau, wani tsohon malami mai saƙar tabarma a ƙofar gari, ta kwashe duka ta gaya masa. Ya ajiye kabarsa ya ce, "Tashi mu je, 'yata."

A fada Malam ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, na zo roƙar wa wani mamaci girma."

Sarki ya ce, "Wane irin girma?"

"A ɗaga shi zuwa matsayin jaki."

Fadawa suka fashe da dariya. Sarki ya ce, "Malam, tsufa ne ko wasa?"

"Tambaya ce, ya sarki. Jakin da ke ɗebo maka ƙasa, da yamma ana sauke masa mangala?"

"Ana saukewa."

"In an sauke, ya tashi daga naka?"

"Ina! Nawa ne dare da rana."

"In ya karye fa?"

"In ciyar da shi mana. Ai a aikina ya karye."

Malam ya nuna Tasalla ya ce, "To ga matar wanda gini ɗaya ya danne su tare da jakin. Jaki na cin dusa a inuwa, 'ya'yan mai kora shi ba su da tsaba."

Sarkin Gini ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, al'ada ce. Kullum da yamma ana sallamarsa."

Tasalla ba ta taɓa magana a fada ba, amma ta ce, "Ranka ya daɗe, da hantsi gini ya faɗa masa. Wa ya sallame shi ran nan? Ni dai har yau ban ga ya taso daga aiki ba."

Dariya ta ɗauke. Sarki ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya sa a buɗe wa Tasalla rumbu har 'ya'yanta su girma, ya kuma hana sallamar yamma a ƙasarsa. Ya ce duk wanda ya ɗore a aikin sarki ɗan gida ne. Sannan ya dubi Sarkin Gini ya ce, "Wanda guminsa ya shiga gininka, haƙƙinsa ya hau wuyanka."

Nan Baba yakan tsaya, ya kaɗe ƙasar da ke gwiwarsa, ya yi murmushi. Jama'a, ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙansa, ya haɗa kowane mai neman halal da shugaban da zai san da zamansa. Amin.