Wanda Ya Sayar Da Irin Shuka

An yi wani mutum a wani ƙaramin gari da ba shi da abin taƙama sai kwalejin noma da gidan gurzar auduga. Kafin a kawo injin, mata ne ke gurza a kan dutse da ɗan ƙarfe, yini guda ba a cika kwando ba. Da injin ya zo, mahaifin mutumin nan ne ya fara kunna shi, ya shekara talatin yana shaƙar ƙurarsa. Albarkacin uban aka damƙa wa ɗansa maƙullan siton da ake ajiye irin shuka.

Ya 'yan uwa, ku ji yadda aikin yake. Kwaleji takan noma auduga mai kyau a gonarta. Sai an share injin tas kafin a gurje ta, don kada anguryarta, wato ƙwayar, ta gauraya da wata. A shanya, a zuba a buhuna masu hatimin kwaleji, a jera kan katako. Wannan ce ake raba wa manoma su shuka. Amana ke nan.

Wata shekara masu tatsar mai suka zo neman angurya busasshiya. Mai sito ya kalli buhunan nan, zuciyarsa ta ce masa ai ƙwaya ƙwaya ce. Ya sayar da irin kaf. Sannan ya shiga rumfar baya inda rufi ke yoyo, ya kwashe tarin da ya yi funfuna, har da kashin ɓera, ya ɗura a buhunan kwaleji ya ɗinke. Don wari, shi kansa sai da ya toshe hanci.

Wani tsoho, makanikin injin, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. Mai kyau ƙas take yi. Wannan lumus ta yi a haƙori. Ya tofar, ya ce, "Ɗana, wannan ko akuya sai ta yi shawara."

"Baba, ka ji da ƙarafanka."

Ranar rabo, ga yayarsa a layi, mijinta ya rasu, gonar audugar nan ce abincin 'ya'yanta. Ya san in ya hana ta, asiri ya tonu. Ta ce, "Auta, zaɓo mini mai kyau."

Ya ce, "Yaya, duk ɗaya ne." Da hannunsa ya ɗora mata a ka.

Wane irin mutum ne wannan? Ƙazanta ai ba a jiki kaɗai take ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Kwana goma, ko tsiro babu. Kafin a gane, lokacin shuka ya wuce. Yayar ta tone ramukanta, ta ciko kwano da ruɓaɓɓiyar ƙwaya, ta zo ta juye masa kan tebur gaban ma'aikata. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ga naka," ta fita. Har ya mutu ba ta ƙara cin abincin gidansa ba.

Aka kore shi, amma ɓarna ta riga ta auku. Manoma suka daina yarda da buhu mai hatimi, suka koma masara. Injin ya rasa abin gurza, bayan shekara uku aka yanka shi aka sayar wa masu gwangwan. Mutumin nan ya koma ɗaukar kayan ɗalibai a tasha. In ya yi sallama a majalisa, sai a amsa a taƙaice, kowa ya tuna yana da wani uzuri.

Ya 'yan uwa, iri ba kaya ba ne kamar sauran kaya, rayuwar baɗi ce aka ba ka ajiya. Wanda ya ci amanarsa ya cuci har waɗanda ba a haifa ba. Kowannenmu akwai maƙullin da aka damƙa masa, ko na ɗaki ɗaya ne. Me kake yi in ka rufo ƙofar?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya hana hannunmu cutar wanda ya yarda da mu. Amin.