Famfon da Ya Cinye Sunan Magininsa

Dalilin da ya sa famfon garin Kastelmuro yake da baki guda a can ƙasa, daidai gwiwa, shi zan gaya muku yau, in dai za ku daina wannan mutsu-mutsun. Kastelmuro ƙaramin gari ne a kan tsauni a tsibirin Sisili, can ƙasar Italiya. Famfon nasu ba irin namu ba ne da ake murɗawa. Bango ne na dutse, da kawunan zakuna huɗu a jere, ruwa na zuba ta bakinsu cikin wani dogon komi, ba ya tsayawa. A ƙasa kuma akwai allon dutse mai santsi, irin wanda ake rubuta sunan magini, amma babu ko harafi ɗaya a jikinsa. Rami ne kawai a tsakiyarsa, ruwa na fitowa.

A da can garin ba shi da ruwa ko kaɗan. Sai an gangara kwari, a bi wata siririyar hanya tsakanin itatuwan zaitun, a ɗebo a tulu, a hauro da shi. Mata ne ke wannan wahalar. Cikinsu akwai Nunziya, wadda ta shekara arba'in tana hawa da sauka, tana ɗebo wa gidanta, tana ɗebo wa maƙwabta marasa lafiya, har bayanta ya lanƙwashe kamar lauje. In tana tafiya ƙafafunta kawai take gani.

Ɗanta Bastiyano mai sassaƙar dutse ne, gwani na gaske, kuma ya san shi gwani ne, wannan ita ce 'yar matsalarsa. Ganin bayan uwarsa yana ci masa rai. Da dattawan gari suka yanke shawarar a jawo ruwa daga wata maɓuɓɓuga ta saman tsauni, shi ya karɓi aikin, ya kuma yi mata alkawari cewa za ta ɗebi ruwa da hannunta a tsakiyar gari, ba ta ƙara ganin kwarin nan.

Shekara uku ana jera bututun yumɓu a ƙarƙashin ƙasa. Bastiyano ya sassaƙa zakunan nan har gashin wuyansu, ya auna tsayinsu da igiya, ya ɗaga su sama don duk wanda ya shigo dandali ya hango su. To amma da tsayin wa ya auna? Da nasa mana! Shi da ma'aikatansa duk maza ne, ba wanda ya taɓa ɗaukar tulu a cikinsu, kuma ba wanda ya ga ya kamata ya tambayi mace. Allon ƙasa kuwa ya goge shi tas, dattawa sun ce a nan za a rubuta sunansa ranar idin gari.

Ranar da ruwa ya iso, ƙararrawar coci ta yi ta bugawa, 'yan mata suka ɗora tulunansu a kan gefen komi, wanda ya kai musu ƙirji, suka cika suna dariya. Aka buɗe wa Nunziya hanya. Ta ɗaga tulunta, ya kai rabi, hannu ya ƙi. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Wata maƙwabciya ta karɓa ta cika mata, Nunziya ta yi godiya, ta tafi gida. Bastiyano yana can ana ta yi masa barka, ya ɗauka magana ta ƙare.

Washegari da hantsi ya hango ta a kan tsohuwar hanyar kwari, tulu a kwankwaso, da wasu tsofaffi uku a bayanta, dukansu a sunkuye. Ya bi ta da gudu, ya tambaye ta me ya yi zafi haka, ga ruwa a ƙofar gida, ga kuma masu ɗebo mata.

Ta ce, "Ɗana, aikinka ya yi kyau, an ce zakunan kamar za su yi gurnani. Ni dai ban gan su ba. Shekara arba'in ina ɗebo wa mutane, ban iya tsayawa a ɗebo mini ba."

Kunya ta kama shi har ya kasa kallonta. Ruwan da ya lanƙwasa matan nan, shi ne yanzu ya fi ƙarfin hannunsu, kuma shi ya ɗora shi a can sama.

Ya je wurin dattawa ya roƙi a bar shi ya sauko da zaki ɗaya. Suka ƙi, suka ce an riga an sa wa ginin albarka, ba mai taɓa zakuna. Da ya matsa, babbansu ya ce wuri guda ne ba a gama ba, allon sunan nan, kuma babban bututun ta bayansa ya bi. In yana so ya huda, ya huda, amma ya sani ba za a ba shi wani allon ba.

Ba zan ɓoye muku ba, Bastiyano yana son sunan nan ƙwarai, tun da ya fara aikin yake hango shi a rubuce. Ya tsaya gaban allon ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu. Sannan ya je ya kira uwarsa, ya ce ta ajiye tulunta a ƙasa yadda ya fi mata daɗi. Ya durƙusa, ya yi alama daidai bakin tulun, ya ɗauko guduma.

Kafin la'asar ruwa ya ɓullo ta tsakiyar allon. Nunziya ta tura tulunta da ƙafa, ya cika, ta ɗauka da kanta. Ta dube shi yana durƙushe, fuskarsu ta zo daidai, abin da aka daɗe ba a yi ba. Ta ce, "Tashi, wandonka ya jiƙe."

Shi ya sa har yau famfon Kastelmuro yake da wannan ƙaramin bakin a ƙasa, inda tsofaffi da guragu suke ɗiba ba tare da sun nemi kowa ba, kuma Bakin Nunziya ake ce masa. Sunan maginin kuwa, ni ma a bakin tsofaffi na tsince shi, wasunsu ma sun ce ba Bastiyano ba ne.