Tsintsiyar Lantana da Zauren Majalisa

A wata tsangayar koyar da shari'a, ƙananan ma'aikata suka tura Lantana mai shara ta nemo musu wakilci a majalisar tsangaya.

Shugaban tsangayar, Farfesa Magaji, ya yi murmushi ya ce, "Ai da sauƙi. Ki faɗi buƙatarku da bakinki a cikin zaure. Sai dai doka ta ce ɗan majalisa kaɗai ke shiga."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Mako uku Lantana ba ta leƙa zauren ba. Ranar taro farfesoshi suka tarar da ƙura da yana ko'ina, ga Shugaban Jami'a yana hanya.

Farfesa ya daka mata tsawa: "Shiga ki share!"

Ta toge a bakin ƙofa. "In shiga a matsayin wa? In ni ba 'yar majalisa ba ce, ka sa an karya doka a gidan doka. In kuwa 'yar majalisa ce, a nuna mini kujerata."

"In na ƙi fa?"

Ta miƙa masa tsintsiya. "Kai ai ɗan majalisa ne."

Farfesa ya dubi tsintsiya, ya dubi farar babbar rigarsa, ya ce wa sakatare, "Rubuta sunanta."

Lantana ta shiga. Kujerarta ta fara gogewa.