Ɗigon Bilic a Kogi

An yi wata mai wankau, Lantana, da ta iso bakin kogi da jarkar bilic, ta sirka shi da ruwa har warinsa ya kusa ɓacewa. Zannuwan asibitin ƙetare na jiranta, in ta makara a ba wata aikin.

Sabon mai duba kayan jirgi ya tare ta. "Bilic kayan haɗari ne, ba ya hawa jirgin fasinja."

"Yallaɓai, ai kusan duk ruwa ne."

"Ko ɗigo ɗaya ya shiga, duk ruwan ya zama bilic. Raba su, ruwa ya hau, bilic ya zauna."

"Ko ɗigo ɗaya?"

"Ko ɗigo ɗaya!"

Lantana ta tsoma yatsa a jarka, ta yarfa a kogi. Sannan ta leƙa cikin jirgin, inda ruwa ke tsattsafowa ta ƙasa kamar kullum.

"Jama'a, ku sauko! Jirgi ya ɗebi kayan haɗari. Sai Yallaɓai ya raba kogi da bilic tukuna."

Fasinjoji suka yo masa ca. Ya share gumi ya ce, "Haba baiwar Allah, wannan ai ya sirku."

"Nawa ma haka, Yallaɓai. Kama mini jarkar."