Randar 'Ya'yan Cindo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari da ke bisa dutse, inda rijiya ba ta haƙuwa, an yi wani maginin tukwane mai suna Cindo. Da ya rasu ya bar 'ya'ya uku, Nomau da Jatau da Barau, da wani ɗan dutse mai sulɓi da yake goge tukwane da shi. Wanda duk ya gaji dutsen nan, shi ne Sarkin Magina. Mai gari ya ce ba zai miƙa shi ba sai ga wanda ya gina randar da za ta ci ruwa tulu ɗari, ta riƙe shi har bazara. Sau biyu aka taɓa gwadawa, sau biyu tana fashewa ta gindi.

Nomau, babbansu, hannu gare shi. Ya ce a baya an yi wa randar kafaɗa, ruwa kuwa lungu yake nema ya tura. Sai ya fara ɗaga ta a dunƙule kamar duma, ba lungu ko ɗaya. Mata suka riƙa tsayawa da tulunansu suna yaba shi.

Jatau, na tsakiya, yabon nan ya tsaya masa a wuya. Ya koma bayan gida da wani tsohon tulu, ya huda shi wuri uku, ya cika da ruwa. Hudar sama ta ɗiga, ta tsakiya ta yi tsartuwa, ta ƙasa ta feso har ƙafarsa. Ya auna nisan kowace da taƙi, ya gane ruwa ya fi danna ƙasa: kaurin bango a baki yatsa biyu ya isa, ciki huɗu, gindi sai tafin hannu guda. Nomau kuwa yatsa biyu yake yi tun daga ƙasa. Kwana biyu Jatau yana kallo, bakinsa alaikum, yana so ta fashe a ji kunya. Rana ta uku ya kasa daurewa.

"Yaya, gindin nan ba zai ɗauka ba."

"Kai da ko murfi ba ka iya ba?" in ji Nomau. Amma da ya ga tulun, ya rushe ya sake.

Barau, autansu, shi ya san wuta. Ya ce bango mai kaurin nan tarwatsewa zai yi a gashi. Kafin a sake ginin ya sa aka cuɗa yumɓun da garin tsingaro, wato dakakkun fasassun tukwane, ya shanya randar a inuwa kwana arba'in, ya gasa ta da kara sannu-sannu, yana ƙwanƙwasa ta yana kasa kunne, har ta amsa kamar ƙararrawa.

Damina ta cika ta, bazara ta same ta da ruwa. Masu ɗiba suna shafa cikinta suna ambaton Nomau, suna duban janta suna ambaton Barau. Aikin Jatau yana cikin bango, ba mai ganinsa. A gaban mai gari kowannensu ya miƙa hannu a ba shi dutsen, Nomau kuwa ya tona shirun kwana biyun nan da Jatau ya yi.

"Na yi shirun," in ji Jatau, "amma ruwan wa ka sha yau da safe?"

Ƙurunƙus kan ɓera, nawa ya ƙare, saura naku. To, a cikinsu wa za a ba dutsen Cindo?