Ledar da Tursunboy Ya Binne a Gonarsa

Akwai wani manomi a ƙauyenmu, can wajen Jizzah, sunansa Tursunboy. Irin kankanar da yake shukawa gadon kakansa ne, duk yankin babu mai irinsa. Mutumin kirki ne, amma fa akwai baki, akwai kuma ƙyuya.

Kamar kowa a nan, da zarar sanyi ya fara janyewa yakan shimfiɗa farar leda a kan kunya, don ƙasa ta yi ɗumi tsiro ya fito da wuri. Bayan girbi ne hali ke fitowa. Maƙwabcinsa Ergash da matarsa Zulhumor sukan duƙa su tsince tasu ledar kaf. Shi kuwa gogan sai ya hau tarakta ya kife tasa cikin ƙasa, ya koma inuwar inabi yana kurɓar shayi.

Daga can zai ɗaga murya: "Ergash, kaza ka koma ne? Kullum tsince-tsince!"

Ergash ya ce, "Yaya, ƙasa fa ba ta cin leda."

"Tawa tana ci, har ƙari take nema!"

Ashe ba ci take ba. Leda ba ta ruɓewa, dagargajewa kawai take yi ta koma kamar dusa, wani ɓurɓushin ma ido ba ya ganinsa. Shekara na bin shekara, ruwa ya daina ratsa gonar, tsutsar tana ta yi ƙaranci, saiwa ta kasa nitsewa. Kankanar da a da sai an rungume ta, ta koma kamar dunƙulen hannu.

Wata shekarar shukar ta bushe tun kafin ta yi 'ya'ya. Tursunboy ya tuge guda, ya ga saiwar ta nannaɗe da tsumman leda. Abin da ya rage masa na irin kakansa bai fi cikin tafin hannu ba. In ya sake zuba shi a wannan ƙasa, shi ke nan, gadon ya tafi.

Ya ɗauki gurasa mai zafi da kwalbar irin, ya nufi gidan Ergash.

Zulhumor ce ta buɗe ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta juya: "Maigida, fito! Yau babban baƙo ne a akurkin kaji."

Tursunboy ya sunkuyar da kai. "Na cancanta, ƙanwata. Ƙara min."

Ergash ya fito yana dariya, ya karɓi kwalbar. "Zauna ka sha shayi, Yaya. Gefen gonata mai kallon rana naka ne bana."

Bai tsaya nan ba, ya kira gayya, wadda muke ce wa hashar. Maza da mata suka cika gonar Tursunboy da manjagara da rariya, ana tsinta ana yi masa tsiya, tukunyar shinkafa da naman rago na tafasa a gefe. Ba a iya kwashe ƙananan ɓurɓushin ba, wannan sai taki da haƙurin shekaru. Amma an fitar da buhu-buhu.

Da kaka ta yi, irin ya yi albarka a gonar Ergash. Wuƙa na taɓa kankana ta farko ta tsage da kanta, jawur. Tursunboy ya ɗanɗana, hawaye suka zubo masa, domin zaƙin da ya sani tun yana yaro ne. Wallahi ni ma sai da na share ido.

Sai ya zabura da kwano yana bin mutane: "Ku ci, ku ƙoshi! Amma duk wanda ya haɗiye min ƙwaya ɗaya, kunya guda zai tsince!"

Da kwanon ya cika, ya raba irin gida biyu, ya zuba wa Zulhumor rabi a hannu.

Darasi: Abin da ka binne a ƙasa bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiran shukarka. Ka kwashe ledarka bayan girbi, kuma kada ka yi wa mai haƙurin aiki dariya, wataƙila gonarsa ce za ta ceci gadonka. Ku tura wa manoman da kuka sani.