Ranar da Jirgin Mujeeb Ya Faɗo a Maamobi

A unguwar Nima akwai wani makanikin babura mai suna Mujeeb. Kowa ya yarda da hannunsa. In babur ya gagari makanikai uku, wurinsa ake turo shi, ya kasa kunne ya saurari ƙarar injin, ya faɗi ciwon tun kafin ya ɗauki sifana. Amma yana da hali guda da ya ɓata masa wannan baiwa. Ba ya jure a ce wani ya fi shi, kuma duk lokacin da hujja ta ƙare masa a baki, hannu yake ɗagawa. Akwai direban tasi da ya taɓa fasa wa baki don kawai ya ce gyaransa bai yi ba.

Bayan babura, abin da Mujeeb ya fi so a duniya shi ne ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Kada a ɗauka abin wasan yara ne. Jirginsa ya kai tsawon hannun babban mutum, farfelarsa kuwa in ta ɗauki gudu ba a ganinta, sai dai a ji tana yanka iska. Injinsa na shan wani mai na musamman da ake kira naitiro, wanda sai an yi odarsa daga ƙasar waje. In ya tashi, ƙara yake kamar babur ɗin tsere, yana zubar da farin hayaƙi a bayansa.

Duk ranar Lahadi Mujeeb yakan ɗaure jirgin a bayan babur ya nufi wani fili can gaba da unguwar Malam, a kan hanyar garin Winneba, inda masu wannan sha'awa suke haɗuwa. Ba su fi su takwas ba. Shugabansu wani dattijo ne, Baba Imoro, tsohon mai gyaran janareta, wanda shi ya koya wa yawancinsu tuƙi. Shekara huɗu Mujeeb ne gwanin filin, babu mai ja da shi.

Sai Issaka ya zo. Mai gyaran waya ne a unguwar Circle, siriri, marar hayaniya. Jirginsa ba ya shan mai, da batir yake aiki. Ranar farko ya ajiye shi a ƙasa, ya jona batir, ya ja baya, jirgin ya tashi nan take, babu hayaƙi, babu ƙara sai ta farfela. Ya harba shi sama kamar kibiya, ya juya shi ciki sama, ya sauke shi a daidai inda ya tashi. 'Yan filin suka yi tafi. Mujeeb bai yi ba.

"Wannan ai fanka ce," in ji shi. "Fankar ɗaki aka sa wa wutsiya. Jirgin da ba ya ƙara ba ya hayaƙi, ina jirgi a nan?"

Issaka ya yi murmushi. "Masa," in ji shi, wato maigida, "ni minti ɗaya na tashi. Kai tun ɗazu kana murɗa allurar kafireto, hannunka duk mai."

"Minti ɗaya ka tashi, minti biyar ka sauka. Yanzu sai ka zauna jiran caji kamar mai jiran torotoro, motar haya. In aka ɗauke wuta a Nima kwana biyu fa? Ni in tankina ya ƙare, zubawa zan yi in koma sama."

"Batir huɗu nake zuwa da su."

"Waɗanda ke kumbura in rana ta yi zafi? Wata rana sai sun ƙone maka ɗaki."

Baba Imoro ya shiga tsakani. Ya ce kowannensu yana da gaskiya. Na mai ya fi daɗewa a sama, kuma yana koya wa mutum sanin inji, amma yana da rigima: yau ya tashi lafiya, gobe in iska ta yi danshi ya ƙi, ga wanke-wanke bayan an sauka. Na batir ya fi tsabta da saurin amsa umarni, amma batirinsa na son kula kamar jariri, kuma in ya huje wuta yake kamawa. Ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya suka haɗa. Farfelar kowanne tana iya cire wa mutum hannu. Shi ya sa ba ma tashi biyu a lokaci guda, ba ma bi ta kan mutane."

Mujeeb bai ji wannan ba. Abin da ya ji kawai shi ne an daidaita shi da baƙo.

Cikin watanni uku, mutum uku daga cikinsu suka koma jirgin batir. Mujeeb ya ɗauki wannan a matsayin cin amana. Wata Lahadi injinsa ya mutu a sama, da ƙyar ya sauke jirgin, ƙafar jirgin ɗaya ta karye. Issaka ya matso ya duƙa yana dubawa, ya ce, "Ina ga fuloginka ne ya ƙone. Da na batir ne, da ba ka..."

Bai ƙarasa ba. Mujeeb ya ɗauki sandar ƙarfen da ake tayar da inji da ita ya maka masa a fuska. Issaka ya faɗi, jini na zuba daga bakinsa, haƙori ɗaya a ƙasa. Mujeeb ya hau kansa yana naushi yana cewa, "Kai za ka koya mini inji? Kai?" Sai da mutum uku suka ɓamɓare shi.

An so a kai maganar wurin 'yan sanda, Baba Imoro ya roƙi Issaka ya yi haƙuri, aka sasanta a gaban limamin unguwa. Mujeeb ya ba da haƙuri da baki, zuciyarsa kuwa tana nan yadda take.

Yayarsa Muniratu, wadda ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Maamobi, maƙwabciyar Nima, ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da labarin ya kai mata, ta je har garejinsa.

"Mujeeb, a kan abin wasa ka cire wa ɗan mutane haƙori?"

"Yaya, ba ki san abin da ya gaya mini ba."

"Ko me ya gaya maka. Wannan zuciyar taka, wallahi ina jin tsoronta. Ka girma fa."

Ya ci gaba da kwance tayar da ke gabansa, bai ɗago ba har ta tafi.

Da Babbar Salla ta zo, wata ƙungiyar matasan Maamobi ta gayyace su su nuna jiragensu a filin ƙwallon unguwa, washegarin Salla da la'asar. Baba Imoro bai so ba, don fili ne ƙarami kuma gidaje sun kewaye shi. Da aka matsa masa, ya yarda bisa sharaɗi: a ja igiya a tsare mutane a gefe guda, kuma jirgi ɗaya ne a sama a kowane lokaci.

Filin ya cika. Mata da kwalliyar Salla, dattawa a kan benci, masu talla ta ko'ina. Muniratu ta kafa teburinta a bayan igiya, kusa da ragar gola, tana zuba wa mutane waakye. Mujeeb ne aka ba farko, don shi ne ɗan gida. Ya durƙusa ya zuba mai, ya ɗora abin kunna fulogi, ya sa sandar tayarwa. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya mutu. An yi ruwa da safe, iska ta yi nauyi, mai ya cika injin. Ya kwance fulogi ya busa, ya mayar, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Minti goma suka wuce. Wani daga cikin taron ya ɗaga murya, "Masa, a tura maka ne?" Filin ya fashe da dariya.

Baba Imoro ya ce Issaka ya fara, kafin Mujeeb ya gama gyara. Jirgin batir ya tashi sumul. Ya yi sama, ya yi alkafura, ya tsaya cik a iska ciki sama, mutane suna ihu suna kiran sunan Issaka. A unguwar da Mujeeb ya girma, a gaban yayarsa, ake kiran sunan wani.

A daidai lokacin injinsa ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙara ta cika filin. Mujeeb ya miƙe da rimot a hannu, idanunsa sun yi ja.

"Dakata ya sauka!" in ji Baba Imoro, ya riƙe masa hannu. Mujeeb ya ture dattijon har ya faɗi zaune a ƙasa, ya danna totur.

Jirgin ya tashi da ruri. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suka ƙara ihu. Issaka ya gane abin da ke faruwa, ya ja nasa gefe yana neman sauka, yana kira, "Mujeeb! Akwai mutane! Mujeeb!" Mujeeb bai saurara ba. Ya zagayo da jirginsa ta baya, ya saita shi, ya afka wa na Issaka da dukkan gudunsa.

Ƙarar karon ta yi kamar an fasa faranti ɗari a lokaci guda. Jirgin Issaka ya rabu biyu ya faɗo tsakiyar fili, batirinsa ya huje, wuta ta tashi da baƙin hayaƙi. Amma farfelarsa ta tsaya, don Issaka ya kashe ta tun kafin ya taɓa ƙasa.

Na Mujeeb bai tsaya ba. Wutsiyarsa ta guntule, ya fara juyawa a sama kamar mahaukaci. Mujeeb ya ja totur ƙasa, babu abin da ya canza. Ƙarfen da ke haɗa totur da inji ya cire a karon, injin ya maƙale a buɗe, kuma inji mai shan mai ba ya mutuwa sai an datse masa mai. Jirgin ya karkata, ya tsallake igiya, ya nufi wajen ragar gola.

Mutane suka watse suna tattake juna. Muniratu tana tsakanin tebur da bango, babu inda za ta bi. Ta ɗaga hannun dama ta kare fuskarta. Farfelar ta same ta daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa, ta sake samunta a kunci. Ta faɗi a kan tukunyar waakye, jirgin ya faɗo kusa da ita yana birgima a ƙasa, injin na kururuwa, guntun farfelar na dukan ƙasa yana matsowa wajen kanta.

Mujeeb ya jefar da rimot ya ruga. Ya san abu ɗaya ne zai kashe injin, a fizge bututun mai. Ya cusa hannunsa. Ya fizge bututun, amma kafin ya janye, farfelar ta tafi da yatsunsa uku. Injin ya yi shiru.

Bai ma gama ganin hannunsa ba aka rufe shi. Matasan da suka gayyace shi su ne suka fara. Wani ya buga masa benci a baya, wani ya sa masa ƙafa a ciki, ana ta ihu, "Da gangan ya yi! Mun gani! Kwasia! Wawa!" Duwatsu suka fara sauka. Ya dunƙule a ƙasa, jininsa ya haɗu da na yayarsa a cikin shinkafar da ta zube. Da ba don Issaka da Baba Imoro sun faɗa kansa sun kare shi da jikinsu ba, da a filin zai mutu. Issaka ya sha dutse a ƙeya a wannan tsakani, duk da haka shi ya tare tasi ya ɗora su biyun zuwa asibiti.

Muniratu ta rayu. Likitoci sun ceci hannun, amma jijiyoyin sun yanke, bai ƙara ɗaukar ko ludayi ba. Mujeeb ya yi sati biyar a kwance da karyayyun haƙarƙari, daga gadon asibiti aka wuce da shi kotu. Mutum fiye da ɗari sun ga abin da ya yi, babu abin musu. Ya yi shekara biyu a gidan yari. Shugabannin unguwa suka hana tashin irin waɗannan jirage a Maamobi, ƙungiyar Baba Imoro kuma ta watse.

Da ya fito, garejinsa ya zama shagon wani. Ya gwada aiki a ƙarƙashin wani makanike, sifana ta riƙa suɓuce masa daga hannun da ya rage yatsa biyu. Sai da ya yi wata guda kafin ya iya zuwa wurin yayarsa. Ya same ta a bakin hanya, ta koma sana'arta, tana zuba abinci da hannun hagu a hankali, na daman yana rataye cikin mayafi, tabo ya ratsa kuncinta har kunne. Ya durƙusa a gabanta.

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba.

"Na yafe maka tun ina asibiti," in ji ta. "Amma tambaya ɗaya nake da ita, shekara biyu ina ajiye da ita. Na man da na batirin, a ƙarshe wanne ya fi?"

Mujeeb ya kifa kansa a gefen teburin ya fashe da kuka, masu sayen abinci suna tsaye suna kallo.

Darasin wannan labari shi ne, mutumin da ba ya iya jure ganin wani ya fi shi, yana ɗauke da haɗarin da ya fi na duk wata na'ura da ke hannunsa. Jirgin mai yana da amfaninsa, na batir yana da nasa, kuma bambancin ra'ayi a kan irin wannan bai kai a zubar da jini ba. Idan aka yabi wani a gabanka, ka danne zuciyarka. Idan masu sani suka kafa doka don kare rayuka, ka bi ta ko da ranka a ɓace yake. Fushin minti ɗaya yakan bar raunin da ba ya warkewa, kuma sau da yawa wanda yake samu ba abokin gardamarka ba ne, wanda ya fi kowa ƙaunarka ne.